Ranar da mota take tsaye, wa ke biyan direba?

Ku direbobin da ke kwance ƙarƙashin tirela yanzu haka kuna jiran a ba da hanya, sannunku da jira.

Tun da muka taɓo zancen aikin direba a rediyo saƙonni ba su daina shigo mana ba, kuma rabin awa ba ta isa a baje wannan magana. Shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta. Yawancin masu tambaya samari ne da suka gama zaman yaron mota, sun samu permi na babbar mota, ga masu mota biyu ko uku a gabansu, kuma tambayarsu ɗaya ce: wane ne ya fi biya? Mu dai a namu gani, ba tambayar da ta kai wannan ruɗin mutum a yanzu. Wadda ya kamata a fara yi ita ce: ranar da mota take tsaye, ba laifina ba, wa zai biya ni?

A nan ƙasar ba a biyan direba da kilomita kamar yadda muke ji ana yi a Amurka. Akwai albashin wata, wanda sau da yawa ƙarami ne, wani wurin ma sunansa kawai ake ji. Akwai abin da ake ba ka in ka kai kaya ka dawo, wato kuɗin sawu. Sai kuɗin hanya, frais de route in ji masu faransanci, wanda maigida ke damƙa maka a dunƙule ranar tashi. A ciki za ka biya peyaj, a ciki za ka sallami shingayen da kowa ya sani, a ciki za ka ci ka ciyar da yaron mota, ka yi facin taya. Abin da ya yi saura naka ne, ba mai tambayarka. Tsofaffin direbobi da yawa da wannan saura suka gina gida suka aurar da ɗiya, ba da albashi ba. To amma duk wannan lissafi a kan abu guda ya tsaya: mota tana tafiya.

Kafin 26 ga Yulin 2023, mafi yawan kayan da ke zo mana ta teku ta Kwatano suke biyowa. Paraku, Kandi, Malanbil, a haye gada a shigo Gaya, sai Doso. Mai Yamai ya yi yamma, mai Maraɗi da Damagaram ya yi gabas. Kwatano zuwa Yamai kilomita 1000 ne da ɗoriya, kuma direbobinmu sun san hanyar kamar yunwar cikinsu. Mutum ya san inda zai kwana, ya san mai tuwon da zai tsaya wurinta, yana iya ce wa iyalinsa ranar kaza ina nan tafe. Da CEDEAO ta saka takunkumi aka rufe gadar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, Ɗan Isa da Ƙonni suka sake motsi, amma gadar Malanbil ta ci gaba da zama a rufe. Ba siyasar abin muka zo tattaunawa ba yau. Abin da ya shafi direba shi ne kaya sun koma tashar Lome, hanya kuma ta ratsa Burkina Faso: a wuce Sinkase, a haura garin Kaya (sunan ma ya dace), sai Dori, a shigo ta Tera kafin a ga Yamai. Wannan yanki ba a ratsa shi sai cikin ayari da rakiyar sojoji, motoci ɗaruruwa a jere. Ayari kuwa ba ya tashi don kai ka shirya. Sai ka yi makonni a fili guda, kana kallon motarka tana kallonka.

Kuma ba jiran ganin dama ba ne. A Janairun 2025 direbobi 4 ƴan Maroko suka bi tsakanin Dori da Tera ba tare da rakiya ba, aka yi awon gaba da su, sai a watan Agusta aka ji labarin sakinsu. Saboda haka duk mai motar da zai bugo maka waya daga cikin ɗakinsa mai sanyi yana cewa ka yi dabara ka wuce, ka riga ka san irin wanda kake wa aiki.

Bari mu yi ɗan lissafi, da alƙaluman da muka ɗauka don misali kawai, kowa ya sa nasa a wurin. A ce Alhaji na farko zai ba ka jika 40 a wata, da jika 70 kowane sawu. Na biyu ya ce shi jika 90 ne tsaye, ba kuɗin sawu, amma duk ranar da aka tsare ka a hanya zai turo jika 3 na abinci. Watan da aka yi sawu biyu, na farko ya ba ka jika 180, na biyu rabin haka. Kowane saurayi wurin na farko zai ruga, kuma ba mu ga laifinsa ba. Yanzu a ce sawu guda ya ci wata biyu, kwana 30 a ciki duk jira ne. Wurin na farko ka tashi da jika 150. Kuɗin hanya sun ƙare tun makon farko na jira, don an lissafa su ne a kan tafiya, ba a kan zama ba. Kai da yaronka kuna cin jika 3 a yini, jika 90 ke nan daga aljihunka. Saura 60 na wata biyu, a ciki za a yi cefane a biya haya. Wurin na biyu jika 180 ɗinka na nan ba a taɓa ba. Mota ɗaya, hanya ɗaya, wahala ɗaya. Ku kuma lura, jika 40 ɗin can bai ma kai mafi ƙarancin albashi na doka ba, wanda ya koma jika 42 tun Janairun 2024.

Daga wannan rami ne abubuwan da ake zagin direbobi a kansu suke fitowa. Mutum ya kwana 20 a daji, gida ana kira ba hatsi, ga gazuwal cike da tanki, ga masu saye suna zagayawa da jarka. Ba mu wanke mai sata ba, amana amana ce. Amma mai motar da ya ƙi biyan kwanan jira, sannan ya zo yana rantsuwa direbobin yanzu duk ɓarayi ne, ya kamata ya zauna da alƙalami shi ma. Haka ɗaukar mutane saman lodi, haka ƙara kaya fiye da ƙima, haka tuƙin dare da tiramol don a rama kwanakin da suka salwanta. Duk wanda ake biya da sawu, gudu yake da barci. Mun sha karanta sanarwar rasuwa a rediyo wadda asalinta ke nan, ko da ba a faɗa cikin sanarwar ba.

Zancen lodi ma a yi shi tun farko. Akwai dokar UEMOA ta 2005, wadda ake kira Règlement 14, da ta ƙayyade nauyin da mota za ta ɗauka. In aka hau sikeli aka ga ya zarce, wa zai biya tara? Wanda ya ce a ƙara buhu, ko wanda aka samu a sitiyari? In ba a faɗa ba, daga kuɗin hanyarka za ta fita.

Su kansu kilomitocin ba ɗaya suke ba. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600 a kan babbar hanya, kwalta ce, gari bayan gari: Dogon Dutsi, Ƙonni, Galmi, in taya ta fashe mai faci bai da nisa. Wanda ya bi Tawa zuwa Agadas a shekarun nan, musamman bayan Abalak, ya san kilomita 100 na can sun fi 300 na nan cin jiki da cin mota. Maraɗi zuwa Katsina kuwa kusan kilomita 100 ne kacal, amma iyaka na tsakiya, kana iya kwana biyu kana hangen Jibiya. Shi ya sa in mai mota ya ce maka "ai hanyarmu gajera ce", ka tambaye shi kwana nawa, kada ka tambaye shi kilomita nawa. Kuma ka tambayi irin kayan. Mai tankar da ke ɗauko mai daga matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 arewa da Damagaram, yana da layinsa na jira, amma cikin ƙasa yake yawo, yana iya ratsawa ta ƙofar gidansa. Mai ɗaukar siminti a Malbaza haka. Mai albasar Galmi zuwa Kumasi ko Abijan kuwa, kayansa ruɓa suke, mai kaya na kan wuyansa dare da rana, kuma in kakar albasa ta wuce aikin ya ja baya. Kowanne da irin kuɗinsa da irin tsufan da yake sa mutum.

Yanzu mu zo kan abin da ba a faɗa, wato gida.

Cikin duk saƙonnin da muka samu, wanda ya fi tsaya mana a rai na wata baiwar Allah ne daga wajen Tasawa. Ta ce: "Malam, ni ba kuɗɗi nika ma kuka ba. Yana aiko muna, Allah shi saka mai da alheri. Amma ɗiyar da na haihwa yana bisa hanya, ga ta tana rarrahe, sau biyu ya gan ta. In ya shigo ɗaki kuka taka yi, ba ta san shi ba." Ba ta zagi kowa ba, ba ta ambaci sunan mai mota ba. Ta ce dai a gaya wa masu motoci direba ma yana da gida.

Abin da ya sa wannan magana ke da wuya, kunya ce. Namiji a ƙasar Hausa zai iya tsayawa gaban maigidansa ya yi ciniki kan jika 5 har muryarsa ta dushe, amma ba zai iya buɗe baki ya ce ina kewar iyalina ba. Sai a yi masa dariya a tasha, a ce mijin ta ce. In ya daure ya ce, "Alhaji, ranka shi daɗe, in na sauke wanga lodi ina son kwana ukku gida," amsar kowa ya san ta: "Haba wane, ka san mota da bashi bisa kanta. Yi muna sawu guda, in ka dawo ka huta." Wannan sawu guda ba ya ƙarewa. Ana haihuwa yana Dori, ana suna yana Tera, mahaifiyarsa na kwance asibiti yana jin ta a waya. Yaro ya daina zuwa lakwal wata guda kafin uban ya ji. Matar ita ce uwa, ita ce uba, ita ke zuwa gaisuwar mutuwa a madadinsa, kuma ita ce unguwa ke sa wa ido.

Wasu za su ce ai kakanninmu fatake sun fi haka daɗewa, ayarin goro zuwa Gwanja watanni yake yi. Gaskiya ne. Amma bafatake da hajarsa yake tafiya, jakunan nasa ne, in ya daɗe ribar tasa ce. Direba motar wani yake ja, da kayan wani, kuma kwanakin da yake ƙonawa ne kawai nasa.

Alhali hutu ba alfarma ba ne. Dokar aiki ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana 2 da rabi na hutu a kan kowane watan aiki, kwana 30 ke nan a shekara, da albashinsa. Direbobi nawa suka taɓa jin wannan? Kuma a kiyaye da wasu dabaru guda biyu da ake kira hutu. Na ɗaya, mota ta shiga garaji. Wannan ba hutu ba ne, don tun safe kana tsugune wurin makanike kana gadin kada a musanya maka sabon ƙarfe da tsoho, sai magariba ka koma gida da baƙin mai har gwiwar hannu. Na biyu, "ai ka dawo". Ka dawo ina? In motar a Yamai take kwana, iyalinka kuma suna Gidan Rumji ko Mirya, ba ka dawo ba, ka dai sauke kaya. Kwana biyun da aka ba ka a bas za su ƙare, kuɗin bas ɗin ma daga aljihunka. Saboda haka inda mota take kwana yana cikin albashi, ko da ba a rubuta shi da lamba ba. Mun san direbobin da suka bar aiki mai tsoka suka koma jigilar Maraɗi da Damagaram, abin da bai kai kilomita 250 ba, kuɗi kaɗan, amma ran Juma'a suna gida. Ba mu taɓa jin ɗayansu ya kira kansa wawa ba.

Ga wanda kunya ta hana shi ambaton iyali, akwai ƙofar da ba mai rufe ta: gona. Yawancin direbobinmu manoma ne. Ka ce wa Alhaji tun ranar farko, in ruwan shuka ya sauka kana son mako guda, lokacin girbi ma haka, da sallah ƙarama ko babba, ɗaya daga ciki. Ba Bahaushen da zai yi maka dariya don ka ce za ka je shuka. In ka je, ka ga ɗiyarka.

Sai takarda. Mun sani, da an ce kontira sai wasu su ce wannan zancen ƴan lakwal ne, mu da amana muke aiki. To amana tana da kyau ranar da kowa ke lafiya. Ranar da mota ta kife fa? Inshorar dole da ke kan mota, wadda jandarma ke tambaya, ta mutanen da motar ta yi wa ɓarna ce, ba ta direban da ke tuƙi ba. Abin da ke ɗaukar direba in ya ji rauni a bakin aiki shi ne CNSS, in an yi masa rajista. Ita ce kuma ke biyan kuɗin yara, ita ke biyan fansho in mutum ya kai shekara 60. Ku duba tashoshinmu, ku ƙirga dattawan da suka yi shekara 30 a sitiyari, yau ido ya raunana, baya ya riƙe, suna zaune kan benci suna jiran wanda suka koya wa mota ya miƙo musu na goro. In kamfani ya ce ya yi maka rajista, ka nemi lambarka, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin ka tabbatar ana zubawa. Cirewa daga albashi daban, zubawa daban.

Ba mu ce kamfani ya fi Alhaji a komai ba. Mai mota biyu da ya san sunan mahaifinka, wanda in matarka ta shiga naƙuda zai aiko da mota a kai ta asibiti, in azumi ya zo ya sauke maka buhun gero da sukari, yana ba da abin da ba ya cikin kowace takardar albashi. Shi ma kuma in mota ta tsaya asara yake, ga bashin banki, ga taya, ga mai kaya da ba ya biya sai ya ga dama. Akwai masu motar da suka sayar da fili don kada su sallami direbobinsu lokacin da aka rufe iyaka, mun san da su. Sai dai alherin mutum ɗaya da ransa yake tafiya. Musamman wannan alkawari da ake yawan yi, "ka riƙe ta da kyau, in ta biya kuɗinta ta zama taka". Mun ga inda aka cika shi. Mun kuma ga inda Alhaji ya rasu saura wata shida, magada suka zo da makulli a hannu suka ce su ba su san zancen ba, kuma ba ƙarya suka yi ba, ba wanda ya gaya musu. In da shaidu biyu da ƴar takarda, da ba a kai ga haka ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da za a ba ka makulli ita ce ranar da bakinka ke da daraja, bayan nan kai yaron gida ne. Kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da wanda ya koya maka mota, ko wani dattijo na sandika, ya yi maka tambayoyin da nauyi zai hana ka yi: kwanan jira nawa ne a yini, daga rana ta nawa ake fara lissafi, yaron mota wa ke biyansa, in an yi sawu kwana nawa ne a gida, in an tsare mota a iyaka albashi na tafiya ko ya tsaya. Wanda bai iya rubutu ba, waya ta sauƙaƙa. Bayan an tashi ka aika wa Alhaji saƙon murya ta WhatsApp cikin ladabi, ka maimaita abin da aka yi, ka ce ranka shi daɗe haka ne ko na yi kuskuren ji? In ya amsa, ka adana. Mai niyyar cikawa ba ya jin haushin wannan.

Kafin ma ka je, ka yi bincike, kuma ba wurin direban da ke jan motar yanzu ba, shi bakinsa a ɗaure yake. Ka nemi wanda ya bari, ka ji dalili. Ka tambayi yaran mota, su ba su iya ɓoye yunwa. In kana son labari mai tsabta kuwa, ka je ka zauna wurin mai shayin da ke bakin garajin, ka sayi kofi guda, ka ja shi da hira. Yana da littafin bashi. Ya san direbobin wane ne ke zuwa su goge sunansu biyar ga wata, ya kuma san na wanda shafinsu ya cika har ya juya baya.